Cap Anson

Adrian Constantine Anson (an haife shi ranar 17 ga watan Afrilu, 1852, ya mutu ranar 14 ga watan Afrilu, 1922), wanda aka fi sani da Cap Anson ko Pop Anson, ɗan wasan besbol ne kuma manaja ɗan ƙasar Amurka. Ya yi kakar wasa 27 a jere a matakin ƙoli, daga 1871 zuwa 1897, kuma 22 daga cikinsu ya yi su ne a ƙungiyar birnin Chicago wadda a yau ake kira Chicago Cubs. Ya jagoranci ƙungiyar ta ci kambun gasar National League sau biyar, kuma ana yawan lissafa shi a matsayin ɗan wasa na farko da ya kai bugu 3,000. Ana tunawa da shi kuma saboda ƙin da ya yi na shiga fili tare da 'yan wasa baƙaƙen fata, abin da ya taimaka wajen rufe musu ƙofar manyan gasanni har zuwa 1947. Ya samu laƙabi uku a tsawon rayuwarsa ta wasa. An fara kiransa jariri, aka koma kiransa kyaftin, daga ƙarshe aka kira shi Pop, wato baba.

Wasan a taƙaice

Ana buga besbol tsakanin ƙungiyoyi biyu, kowacce da mutum tara. Mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai duka yana ƙoƙarin make ta da kulki, sannan ya ruga ya bi tashoshi huɗu da aka jera a fili. Wanda ya zagaya ya dawo tashar da ya taso ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan mai duka ya make ƙwallo ya kai tasha ta farko ba a fitar da shi ba, an rubuta masa bugu ɗaya. Idan ya make ta har ta tsallake katangar fili, sai ya zagaya tashoshin duka ba mai tare shi, wannan shi ne bugun zagaye. Ana auna gwanintar mai duka da yawan bugunsa a cikin yawan tsayuwarsa: wanda ya samu uku cikin goma, wato .300, gwani ne. Anson ya fi daɗewa yana tsaron tasha ta farko.

Rayuwar farko

An haifi Anson a garin Marshalltown da ke jihar Iowa. Mahaifinsa, Henry Anson, shi ne ya kafa garin, kuma ya raɗa wa ɗansa sunayen wasu garuruwa biyu na jihar Michigan, Adrian da Constantine. Ana cewa shi ne jariri farar fata na farko da aka haifa a Marshalltown, kuma shi kansa ya riƙa alfahari da wannan har tsufansa. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami.

Karatu bai karɓe shi ba. An kai shi makarantar kwana ta Notre Dame a jihar Indiana tare da yayansa Sturgis, ya yi shekara biyu, daga baya aka gwada shi a Jami'ar Iowa, nan ma bai daɗe ba. Abin da ya iya shi ne wasa. A ƙungiyar garinsu uba da 'ya'yansa biyu duk 'yan wasa ne, Henry yana tsaron tasha ta uku. A 1870 ƙungiyar Forest Citys ta garin Rockford, wadda Albert Spalding yake yi wa jifa, ta zo Marshalltown wasa. Baƙin sun yi nasara, amma wasan 'yan gidan Anson ya burge su, kuma a shekara ta gaba Adrian ya sa hannu a kwantiragi da su a kan albashin da bai wuce dala 66 da 'yan kai a wata ba. Yana da shekara 19.

Rockford da Philadelphia

Shekarar 1871 ita ce ta farko ta National Association, gasar farko ta 'yan besbol masu karɓar albashi. Rockford ta ƙare a ƙarshen tebur kuma ta watse, amma Anson ya buga .325. Daga nan ya koma Athletics ta Philadelphia, inda ya yi shekara huɗu, ya buga .415 a 1872. Yana cikin tawagar da ta je Ingila a 1874 don nuna wa Turawan can wasan, tafiyar da ba ta jawo riba ba.

A waɗannan shekaru ne jaridu suka fara kiransa jaririn Marshalltown, ko kuma Baby Anson. Akwai zolaya a cikin sunan, domin ƙato ne mai tsawon ƙafa shida, ya fi yawancin 'yan wasan zamaninsa jiki. Sunan ya ƙara manne masa saboda yawan ƙorafi da jayayya da alkalan wasa, halin da bai taɓa bari ba.

A Philadelphia ya haɗu da Virginia Fiegal, wadda ya aura a watan Nuwamba na 1876. Sun haifi 'ya'ya bakwai. Maza ukun duk sun rasu suna jarirai, mata huɗun ne suka rayu.

Chicago

William Hulbert, shugaban ƙungiyar White Stockings ta Chicago, wato masu fararen safa, ya ɗauko Spalding da wasu gwanaye daga Boston, ya haɗa da Anson daga Philadelphia, tun kakar 1875 ba ta ƙare ba. Wannan ya saɓa wa dokokin gasar, kuma maimakon ya jira hukunci sai Hulbert ya jagoranci kafa sabuwar gasa, National League, a 1876. Anson ya so ya janye saboda budurwarsa ba ta son barin Philadelphia, Hulbert ya ƙi sakinsa. Chicago ta ci kambun farko na sabuwar gasar.

A 1879 aka ba Anson kyaftin da manaja a haɗe, kuma daga nan aka yanke kalmar kyaftin ta Ingilishi ta zama Cap. Ƙungiyarsa ta ci kambu a 1880, 1881, 1882, 1885 da 1886. A 1880 ta ci wasa 67 ta faɗi 17 kacal. Shi kansa ya zo na ɗaya a duka a 1881 da .399, ya sake zuwa na ɗaya a 1888 da .344, kuma sau takwas yana fin kowa yawan abokan wasan da bugunsa ya kai su ga cin maki. A watan Agusta na 1884 ya yi bugun zagaye biyar a wasa biyu a jere, ko da yake filin Chicago na wannan shekarar ƙarami ne sosai, katangarsa kusa take.

Ana danganta masa wasu dabaru da suka zama ruwan dare daga baya. Ya riƙa sauya masu jifa biyu, Larry Corcoran da Fred Goldsmith, a lokacin da yawancin ƙungiyoyi mutum ɗaya suke sa wa aikin kullum. A 1886 ya kai 'yan wasansa garin Hot Springs na jihar Arkansas don atisaye kafin a fara kaka, su rage teɓa da giyar hunturu. Ba shi ne ya fara kowacce daga cikin waɗannan ba, amma nasarar Chicago ta sa wasu suka kwaikwaya.

Manaja ne mai tsanani. Yana sa dokar lokacin kwanciya, yana cin tarar mashaya, kuma ba ya jin nauyin sa hannu idan magana ta ƙi. Matsalar ita ce manyan gwanayensa, musamman Mike Kelly da ake kira King, mashaya ne na gaske. Bayan St. Louis Browns ta doke Chicago da wasa huɗu da biyu a karawar zakarun 1886, Spalding, wanda a lokacin ya zama shugaban ƙungiya, ya sayar da Kelly ga Boston a kan dala 10,000, kuɗin da ya girgiza jama'a. Shekara guda bayan haka aka sayar da John Clarkson, babban mai jifan ƙungiyar, a kan wannan farashi. Anson bai ƙara cin kambu ba.

Akwai wanda ya ga wani ɓangare na halinsa dabam. Billy Sunday yaro ne ɗan Iowa da mahaifinsa ya mutu a lokacin yaƙin basasar Amurka, ya yi wani ɓangare na yarintarsa a gidan marayun sojoji. Anson ya ɗauke shi a 1883 saboda gudunsa, ya yi haƙuri da shi duk da raunin dukansa, har ya damƙa masa kuɗin tafiye-tafiyen ƙungiya. Sunday ya bar wasa daga baya ya zama mashahurin mai wa'azin Kirista a Amurka.

Wariyar launin fata

Ranar 10 ga Agusta, 1883, Chicago ta je wasan sada zumunta da ƙungiyar Toledo a jihar Ohio. Mai cafe ƙwallon Toledo, Moses Fleetwood Walker, baƙar fata ne da ya yi karatu a Kwalejin Oberlin da Jami'ar Michigan. Anson ya ce ƙungiyarsa ba za ta shiga fili ba idan Walker zai yi wasa. Dama Walker yana da rauni a hannu kuma an yi niyyar hutar da shi, amma da manajan Toledo, Charlie Morton, ya ji sharaɗin sai ya sa shi cikin wasan, ya kuma sanar da Anson cewa in sun ƙi bugawa za su rasa kasonsu na kuɗin tikiti. Anson ya haƙura aka yi wasan. A shekara ta gaba Chicago ta nemi a ba ta tabbaci a rubuce tun kafin ta zo, kuma Walker bai buga ba.

Ranar 14 ga Yuli, 1887, Chicago ta je Newark a jihar New Jersey, ƙungiyar da take da Walker da kuma George Stovey, mai jifa baƙar fata da ya fi kowa nasara a gasarsu a wannan kaka. Babu wanda ya buga daga cikinsu. An sanar cewa Stovey ba shi da lafiya, amma jaridu sun ɗora abin a kan Anson. A wannan rana ce kuma shugabannin International League, gasar da Newark take ciki, suka zauna a Buffalo suka kaɗa ƙuri'a shida da huɗu cewa ba za a ƙara amincewa da sabon kwantiragin baƙar fata ba. Walker ya ci gaba har 1889, kuma bayan 'yan shekaru ƙofa ta rufu gaba ɗaya, sai da Jackie Robinson ya buga wa Brooklyn a 1947.

Masana tarihi sun yi saɓani a kan girman laifin Anson. Sol White, ɗan wasa baƙar fata da ya rubuta tarihin besbol na baƙaƙe a 1907, ya ɗora masa kaso mafi girma, har ya ce shi ya hana New York ɗaukar Stovey. Wasu marubuta na baya sun nuna cewa Anson ba shi da kujera a International League, cewa 'yan wasa farare da yawa sun yi irin wannan ƙorafi, kuma a watan Satumba na 1887 'yan St. Louis Browns sun ƙi karawa da Cuban Giants, ƙungiyar baƙaƙe, ba tare da sa hannunsa ba. Zamani ne da dokokin wariya suke yaɗuwa a Amurka. Duk da haka wannan bai wanke shi ba. A lokacin babu ɗan wasan da ya kai shi suna, Chicago ce ƙungiyar da ta fi jawo 'yan kallo, kuma ƙaramar ƙungiya da ke son kuɗin tikiti ba za ta iya yin watsi da sharaɗinsa ba. Abin da wasu suke faɗa a ɓoye shi ya faɗa a fili, kuma aka bi. Littafin tarihin rayuwarsa, A Ball Player's Career, wanda ya fito a 1900, ya nuna cewa ra'ayin ba na rana ɗaya ba ne: kalmomin da ya yi amfani da su a kan Clarence Duval, yaro baƙar fata da ya bi tawagarsu yana yi musu rawa da nishaɗi, na wulaƙanci ne tsantsa.

Tafiyar zagaya duniya da tawayen 'yan wasa

Daga ƙarshen 1888 zuwa farkon 1889 Spalding ya ɗauki Chicago da wata zaɓaɓɓiyar tawaga suka zagaya duniya. Sun yi wasa a Ostareliya, tsibirin da ake kira Sri Lanka a yau, Masar a kusa da dala na Giza, Italiya, Faransa da Ingila. A tafiyar ne Anson ya samu saɓani da James Hart, mai kula da kuɗin tawaga, kuma wannan saɓani ya biyo shi.

A 1890 yawancin 'yan wasan National League suka yi tawaye a kan ƙayyade albashi da dokar da ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiya ɗaya, suka kafa gasarsu ta kansu, Players' League. Anson, wanda yake da ƙaramin hannun jari a ƙungiyar Chicago, ya tsaya tare da masu kuɗi, ya kuma soki 'yan tawayen da zafi. Kusan duk tsofaffin abokan wasansa suka tafi. Ya cike gurabensu da matasa, sai jaridu suka daina cewa White Stockings suka koma cewa Colts, wato 'yan dukushi. Gasar tawayen ta rushe bayan kaka ɗaya.

Laƙabin Pop

Daga nan ne hoton uba da 'ya'ya ya kankama. Ga mutum ɗan kusan shekara 40 a tsakiyar samari 'yan ashirin da wani abu, wasunsu ba a ma haife su da daɗewa ba lokacin da ya fara karɓar albashi. Jaridun Chicago suka riƙa kiransa Pop, wani lokaci kawu, wani lokaci tsoho.

Kalmar Pop yankakkiya ce daga papa, kuma a Ingilishin Amurka ita ce yaro yake kiran mahaifinsa da ita a gida. Ana kuma faɗa wa kowane dattijo ko da babu dangantaka, kamar yadda ake ce wa mai yawan shekaru baba a Hausa. Bambancin shi ne Pop ba ta da nauyin girmamawa da yawa. Tana iya zama ƙauna, tana iya zama tsokana, kuma a filin wasa, inda ƙuruciya ce jari, sau da yawa tana nufin cewa mutum ya daɗe fiye da kima. Gajartarta ma ta taimaka, domin masu tsara kanun jarida suna son suna mai gaɓa ɗaya da zai shiga matsattsen layi. Wannan ya sa ta bambanta da kalmar Father, wadda aka keɓe wa Henry Chadwick (1824–1908), ɗan jarida haifaffen Ingila da ya tsara hanyar rubuta sakamakon wasa. Shi uban besbol aka kira shi, a ma'anar wanda ya raini wasan tun yana ƙarami, ba don ya tsufa a cikin 'yan wasa ba.

Anson ba shi kaɗai ba ne. Littattafan tarihin besbol na ƙarni na 19 suna da Pop Snyder, mai cafe ƙwallo da ya zama alkalin wasa, da Pop Smith haifaffen Kanada, da Pop Corkhill na Cincinnati, da Pop Schriver wanda ya yi wasa a ƙarƙashin Anson daga 1891 zuwa 1894. Akwai kuma masu Dad, wata kalmar ta baba, irin su Dad Clarke da Dad Clarkson. Shi Dad Clarkson ƙane ne ga John Clarkson, ba wa ba, abin da ke nuna cewa sunan ba dole ne ya bi lissafin shekaru ba. A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, Glenn Warner ya samu sunan Pop a Jami'ar Cornell yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, don kawai ya girmi yawancin abokan wasansa. Ya zama koci, ya horar da Jim Thorpe a makarantar Carlisle, kuma har yau akwai gasar yara mai ɗauke da sunansa. Al'adar ta zarce zuwa ƙarni na 20 da George Halas na Chicago Bears, wanda aka kira Papa Bear, da Willie Stargell na Pittsburgh, wanda abokan wasansa suka kira Pops a kakar 1979.

A ɓangaren da aka rufe wa ƙofa ma an yi amfani da sunan. John Henry Lloyd (1884–1964), ɗaya daga cikin manyan gwanayen gasannin baƙaƙe, ya samu laƙabin Pop a shekarunsa na baya saboda yadda yake jan matasa a jiki yana koya musu. Bayan ya bar wasa ya yi aikin share-share a makarantun Atlantic City yana horar da yara, aka raɗa wa wani filin wasa na garin sunansa tun yana raye. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a National League ba. Akwai kuma James Bell, wanda aka kira Cool Papa tun yana matashi saboda natsuwarsa.

Game da Anson, tsokanar ta fi ƙaunar yawa da farko. Marubuta suka dame shi da cewa ya tsufa ya kamata ya sauka. A watan Satumba na 1891 ya mayar musu da martani ta hanyar shiga fili da farin gashi da dogon farin gemu na roba, ya buga wasan gaba ɗaya da Boston a haka, kuma Chicago ta ci. A ƙarshen wannan kaka Boston ta wuce su ta ɗauki kambu, kuma Anson ya mutu da imanin cewa New York ta sakar wa Boston wasanni da gangan. Dukansa bai yi sanyi da wuri ba, domin a 1894, yana da shekara 42, ya buga .388. Iko ne ya riƙa sulluɓe masa. Hart ya zama shugaban ƙungiya a 1891, kuma ba ya goyon bayansa idan ya ci tarar ɗan wasa, su kuma samarin sun gane haka. A 1895 ya fito a wani wasan kwaikwayo na Charles Hoyt mai suna A Runaway Colt, inda ya taka rawar kansa, wasan bai daɗe ba aka rufe.

Sallama

A 1897 Chicago ta ƙare ta tara cikin ƙungiyoyi goma sha biyu. Ranar 3 ga Oktoba, ranarsa ta ƙarshe a fili, Anson ya yi bugun zagaye biyu a kan St. Louis yana da shekara 45. Kwantiraginsa na shekara goma ya ƙare, kuma a farkon 1898 aka sallame shi. Spalding ya ba da shawarar a tara masa gudummawar dala 50,000, Anson ya ƙi, yana ganin sadaka ce.

Nan take jaridu suka sauya wa ƙungiyar suna zuwa Orphans, wato marayu, tunda ta rasa babanta. Sunan ya zauna na wasu shekaru. A 1902, da aka sake cika ƙungiyar da matasa, wata jarida ta fara kiransu Cubs, kalmar da ake faɗa wa 'ya'yan namun daji irin su zaki, kuma shi ne sunan da ya tabbata. Ke nan sunaye uku a jere, dukushi, maraya da ɗan dabba, duk daga kalmomin ƙuruciya suka fito, kuma biyun farko kai tsaye suna nuni ga Anson.

A tsakiyar 1898 ya karɓi aikin manajan New York Giants, amma bai jitu da mai ƙungiyar, Andrew Freedman, ba. Wasa 22 kawai ya jagoranta.

Rayuwa bayan wasa

Kasuwanci bai yi masa daɗi ba. Ya buɗe babban gidan wasan biliyad da bolin a Chicago a 1899, wanda ya yi kasuwa da farko, kuma shi kansa gwanin bolin ne, tawagarsa ta ci gasar ƙasa a 1904. A 1905 aka zaɓe shi magatakardan birnin Chicago a ƙarƙashin jam'iyyar Democrat. Zango ɗaya ya yi, kuma yunƙurinsa na samun wani muƙami bai kai ko'ina ba. Ya kafa ƙaramar ƙungiyar besbol mai suna Anson's Colts, ya gina mata fili, har ya riƙa shiga wasa da kansa yana da shekara hamsin da wani abu. Wannan ƙungiya ta kara da Leland Giants, ƙungiyar baƙaƙe ta Chicago da Rube Foster yake jagoranta, kuma Anson bai ƙi ba a wannan karon. Kuɗin tikiti yake nema. Zuwa 1910 ya karye, ya rasa gidan biliyad, hannun jarinsa da gidan da yake zaune.

Abin da ya rage masa shi ne sunansa, sai ya hau dandamali da shi. Ya shiga wasannin barkwanci da waƙa da ake yawo da su gari-gari, da farko shi kaɗai, daga baya tare da 'ya'yansa mata biyu, Adele da Dorothy. Marubuci Ring Lardner ya tsara musu wani ɗan wasa mai suna First Aid for Father, wato agajin gaggawa ga uba. A cikinsa 'ya'yan suna jefo ƙwallaye marasa nauyi, shi kuma yana make su cikin 'yan kallo da kulkin azurfa. Ya daina a 1921. National League ta yi tayin ba shi fansho, ya ƙi kamar yadda ya ƙi gudummawar Spalding. Aikinsa na ƙarshe shi ne kula da wani sabon filin golf a kudancin Chicago.

Adadin bugunsa

Yawan bugun Anson ya danganta da littafin da aka duba. Dalili na farko shi ne ko za a ƙidaya shekaru biyar na National Association a matsayin babbar gasa. Na biyu shi ne dokar 1887, wadda a wannan kaka kaɗai ta lissafa tafiyar kyauta, wato idan mai jifa ya yi ta kuskure har aka ba mai duka tasha ta farko, a matsayin bugu. Anson ya samu irin wannan tafiya 60 a shekarar. Na uku shi ne kurakuran masu rubuta sakamako na wancan zamani. Saboda haka akwai lissafin da ya ba shi 2,995, akwai mai 3,081, akwai kuma mai 3,435 idan aka haɗa da National Association. Kaka 27 da ya yi kuwa sai Nolan Ryan ne ya kamo ta a 1993. Har yanzu shi ne kan gaba a tarihin Cubs wajen yawan bugu da yawan maki.

Mutuwa

Anson ya mutu a Chicago ranar 14 ga Afrilu, 1922, saura kwana uku ya cika shekara 70. Matarsa ta riga shi. Bai bar dukiya ba, National League ce ta biya kuɗin jana'izarsa. An binne shi a maƙabartar Oak Woods da ke kudancin birnin, inda daga baya aka binne 'yar jarida mai yaƙi da wariya Ida B. Wells da ɗan tsere Jesse Owens. A 1939 aka sa shi a Zauren Fitattun 'Yan Besbol da ke Cooperstown a jihar New York. An sa Cool Papa Bell a zauren a 1974, Pop Lloyd kuma a 1977.